Gam ɗin da ya sa aka buɗe saman kujerun jirage sama da 2,600

A watan Yulin 2024 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, wato FAA, ta fitar da wani umarni da in ka karanta shi sama-sama sai ka yi dariya. Jirage ƙirar Boeing 737 sama da 2,600 aka ce a bincika, har da samfurin NG da ya kwana biyu da kuma sababbin nan MAX, kuma ba inji ne ya sami matsala ba, ba fiffike ba, ba taya ba. Gam ne. Eh, gam dai na liƙe abu. Tun watan Agustan 2019 aka canja irin gam ɗin da ake sa wa wani ɗan ƙyalle mai tare zafi a jikin maɗaurin da ke riƙe gwangwanin oksijin na fasinja, sai aka gano sabon gam ɗin yana saki, gwangwanin kuma yana iya gocewa daga mazauninsa har kashi uku cikin huɗu na inci. Ko inci ɗaya bai cika ba. Amma aka ba kamfanoni kwana 120 zuwa 150, gwargwadon samfurin jirgin, su buɗe su duba su gyara.

To me ya yi zafi haka? Kafin a gane, sai an fara sanin abin da ke saman kan mutum in ya zauna a jirgi, don yawancinmu ba mu sani ba, ni ma na daɗe ban sani ba.

Jirgin fasinja yakan yi tafiyarsa a tsayin ƙafa 35,000 ko fiye. A can sama iskar ba ta canja launi ba, oksijin ɗin da ke cikinta kashi 21 cikin 100 ne kamar yadda yake a Kantin Kwari, abin da ya canja shi ne matsi, iskar ta saki jiki ta yi sako-sako, in ka ja numfashi ba abin da ke tura oksijin ɗin ya ratsa huhu ya shiga jini. Tun daga ƙafa 18,000 matsin ya riga ya faɗo rabi. Shi ya sa jirgi ke cusa iska cikin jikinsa yana matse ta kamar tayar mota, har cikin ya zama kamar kana tsaye a ƙafa 6,000 zuwa 8,000, kwatankwacin ƙololuwar dutsen Chappal Waddi na Taraba wanda ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya. Mai lafiya ba ya jin komai a wannan tsayin sai dai toshewar kunne da ɗan barci.

Ranar da wannan matsin ya zube, ko taga ta fashe ko ƙofa ta cire ko na'urar matsin ta ƙi aiki, a ƙafa 35,000 mutum yana da sakan 30 zuwa 60 kacal da hankalinsa zai iya yi masa amfani. A ƙafa 40,000 sakan 15 zuwa 20. Kuma mugun abin shi ne ba ya zuwa da ciwo, ba shaƙewa kake ji kamar wanda aka danne wa wuya ba, wani ma daɗi yake ji, ya yi ta murmushi yana kallon hannunsa ya kasa ɗaga shi, sai kawai ya ɓingire. Wannan ne dalilin maganar nan da ma'aikatan jirgi ke maimaitawa wadda iyaye mata ke jin haushinta, wai ka fara sa naka takunkumin kafin ka sa wa ɗanka. Ba rashin tausayi ba ne, lissafi ne, yaron da ya suma na sakan 20 zai farfaɗo da zarar an sa masa, amma in uwar ce ta fara suma waye zai sa wa waye?

Wata rana a jirgin Kano zuwa Legas na zauna kusa da wani dattijo, ya bi bayanin ma'aikaciyar da ido tsaf har ta gama nuna takunkumin nan ruwan ɗorawa, sai ya ɗaga kai ya kalli saman kujera ya taɓo ni ya ce, "Ɗan nan, wai tukunyar iskar a ina suke ajiye ta? Nan wurin ai ko kwanon sha ba zai shiga ba." Na ce, "Baba ai babu tukunya, wani gwangwani ne, in an ja sai wuta ta kama a cikinsa ta ba mu iska." Ya dube ni ya ce, "Wuta? A cikin jirgi? A'uzubillahi, ɗan nan rufa mana asiri." Ya jawo carbinsa, bai ƙara yi min magana ba har muka sauka. Amma wallahi gaskiya na faɗa masa.

A 737 da Airbus A320 da ire-irensu, abin da ke bayan murfin nan na saman kujera gwangwanin ƙarfe ne, bai fi girman kwalbar lemo ba sai kaɗan, a cikinsa akwai dunƙulen sinadari mai suna sodiyam kuloret gauraye da garin baƙin ƙarfe da wasu ƴan sinadarai da ke tsotse guba. A bakinsa akwai ƙusa mai sifirin da ɗan hular harsashi, tamkar kunamar bindiga, an tokare ta da wani fil, fil ɗin kuma an ɗaure shi da zare zuwa jikin takunkuman. In matsin cikin jirgi ya zube har ya kai kwatankwacin ƙafa 14,000, na'ura za ta saki murfin da kanta takunkuman su zubo, matuƙi ma yana da makunnin da zai sake su. Amma zubowar ba ta kunna komai. Sai ka ja. Jan da ka yi ne ke zare fil, ƙusa ta daki hular, sinadarin ya fara ci a hankali daga wannan kai zuwa wancan yana fitar da oksijin, abin da ya rage a ciki kuma yawanci gishiri ne irin na miya da tsatsa. Mutum ɗaya in ya ja ya kunna wa duk ƴan layinsa. Daga nan babu kashewa, zai ci har ya ƙare, minti 12 ko 15, wasu 22, jikin gwangwanin kuma yana iya kai wa digiri 260 don zafi, shi ya sa waɗanda abin ya taɓa rutsawa da su ke cewa sun ji ƙauri sun zaci jirgin ne ya kama.

Minti 12 fa? Eh. Ba a yi shi don ya kai ka gida ba, an yi shi ne ya riƙe ka har matuƙi ya sulalo da jirgin zuwa ƙafa 10,000 inda kowa zai iya numfashi da kansa, wannan kuma ƴan mintoci yake ɗauka. Jiragen da ke ratsa saman manyan duwatsu irin su Himalaya, inda ba za ka iya sauka ƙasa-ƙasa nan take ba, su ne ke buƙatar na minti 22 ko kuma silindar gas, kuma tun kafin tashi an zana musu hanyar da za su bi su kauce wa duwatsun in abin ya faru.

Yanzu a koma kan kashi uku cikin huɗu na inci. Tsawon zaren nan a aune yake, inda fil ɗin ke fuskanta a aune yake, in gwangwanin ya goce ko ya juya sai ka ja takunkumi ka sa a fuska kana numfashi kana tsammanin kana shaƙar wani abu alhali fil ɗin bai zaru ba, kuma ba za ka sani ba, tun da an riga an gaya maka ko ledar ba ta kumbura ba iskar tana zuwa.

A nan ne gizo ke saƙa, kuma shi ne abin da ya fi damuna a duk harkar. Kusan komai na jirgi yana nuna kansa kullum. Inji in yana ciwo za a gani a allo, birki ana taka shi a kowace sauka, fitila in ta mutu matuƙi zai rubuta a littafi. Shi wannan gwangwanin kuwa ashana ne. Ba yadda za ka tabbatar tsinken ashana zai kama sai ka ƙyasta shi, in ka ƙyasta kuma ya ƙare. Zai zauna a duhu shekara 12 ko 15, jirgi yana jijjiga shi a kowane tashi da sauka, zafin rana a filin jirgi, sanyin sama, kuma mafi yawansu har wa'adinsu ya ƙare ba a taɓa kiran su aiki ba. Masu ƙerawa sukan ɗebi wasu daga cikin kowane rukuni su ƙona don gwaji, amma wanda ke saman kanka ɗin nan ba wanda ya taɓa ganin aikinsa. Abin da ya rage wa injiniya ido ne, da kwanan wata, da sa hannu.

Ga yadda aikin yake in jirgi ya shiga gareji. Bakaniken zai juya wani ɗan makari a jikin kowane murfi yadda in an saki zai buɗe kaɗan kawai ya tsaya, takunkuman ba za su zubo ba, sai a danna makunni daga ɗakin matuƙa, ka ji ƙas ƙas ƙas daga gaba har baya, a bi layi-layi ana duba wanne ne bai buɗe ba. Wanda ya maƙale sai an nemo dalili, ko maƙullin ne ko waya ko datti ya liƙe bakin. Wani lokacin kuma ana sakin su gaba ɗaya, wannan ranar kam ƴan gareji ba sa son ta, don sai an naɗe kowane takunkumi an mayar, kuma naɗin ba na ganin dama ba ne, akwai hoton yadda za a kwantar da tiyo da leda da zare a littafin gyara, in ka cusa su kamar kayan wanki ranar buƙata za su sarƙe ko su ƙi faɗowa. Kafin ya sa hannu a wurin ma sai ya tokare ƙusar da fil ɗin kariya ko ya rufe ta da hula, don kuskure ɗaya gwangwani ya tashi, ga ƙuna ga asara.

Sai ya duba kwanan watan da aka ƙera gwangwanin, don daga ranar ƙira ake ƙirga wa'adi ba daga ranar da aka ɗaura ba. Sai ya duba wani ɗan zirin fenti ko tef a jikinsa wanda ke komawa baƙi in ya taɓa yin zafi, alamar an riga an ƙone shi ke nan, fanko ne. Sai tiyo, ko ya lanƙwashe ko ya tsage. Sai ledar, ko ta manne da kanta. Sai robar da ke zagaya ƙeya, duk wanda ya taɓa ɗauko tsohon gajeren wando daga ƙasan akwati ya san yadda roba ke mutuwa ko ba a taɓa sa ta ba. Sai ƙirga, domin doka ta ce takunkuman su fi kujeru yawa da aƙalla kashi 10 cikin 100, saboda goyo da ma'aikatan da abin zai iya samu a tsakiyar hanya, kuma wannan ne ya sa wani lokacin za a ce mai jariri ta canja layi, ba wulaƙanci ba ne, layin da ta zauna takunkumansa sun ƙare. In aka sami layin da nasa ba ya aiki kuma babu na canji a kusa, ƙa'ida ta yarda jirgi ya tashi amma a hana kowa zama a kujerun, in kuma matsalar ta game jirgin sai dai ya yi tafiya ƙasa-ƙasa ko ya zauna.

Duk wannan aiki ne mai gundura, abu ɗaya sau 60, yawanci da daddare, hannu a sama wuya a sanƙare. Kuma ba wanda zai kama ka gobe in ka tsallake biyar ka sa hannu.

Wanda yake ganin sa hannu ƙaramin abu ne ya nemi labarin ValuJet. Kamfanin jiragen araha ne a Amurka, ya sayi wasu jirage ƙirar MD-80 guda uku na hannu, ya kai su wurin wani kamfanin gyara mai suna SabreTech a Miami. Gwangwanayen oksijin ɗinsu sun haura shekara 12 ko sun kusa, aka ciccire su kamar yadda ya kamata. Takardar aikin ta ce a sa wa kowane hular kariya a bakin ƙusa. Babu hulunan a shagon. Ƴan hulunan roba ne fa, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, amma babu, ga matsin lamba a gama jiragen, sai bakanikai suka naɗe zaren suka liƙe da tef, aka sa hannu cewa an sa hula. Aka rataya musu koren kati, wanda a shagon yake nufin kayan da za a iya gyarawa, aka jibge su a kwalaye suka yi makonni a kan kanta. Rannan ana share shago saboda baƙi masu zuwa duba wuri, ma'aikacin sito ya ga kwalaye biyar na ValuJet, ya rufe su ya rubuta cewa fanko ne a mayar wa masu su. A tunaninsa abin da wa'adinsa ya ƙare ai ya ƙare ke nan. Ba fanko ba ne, da yawansu cike suke, sun tsufa ne kawai.

Ranar 11 ga Mayun 1996 aka loda kwalayen, gwangwani sama da 100, a ɗakin kaya na gaban wani jirgin ValuJet ƙirar DC-9 mai lamba 592 da zai tashi daga Miami zuwa Atlanta, tare da tayoyin jirgi. Irin ɗakin kayan nan an ƙera shi ne a toshe ruf, da tunanin ko wuta ta kama za ta cinye iskar ciki ta mutu da kanta, don haka ba a sa masa na'urar jin hayaƙi ba balle ta kashe gobara. To ga wuta ta zo da iskarta a aljihu. Minti goma da tashi jirgin ya nutse a fadamar Everglades, mutum 110, ba wanda ya fita. Daga baya masu bincike suka gwada irin lodin a ƙasa, zafin ya haura digiri 1,600. Abin da aka ƙera don ya ceci numfashi shi ya ƙone jirgi, kuma in ka bi sarƙar ba za ka sami mugu guda ɗaya da za ka nuna da yatsa ba, kowa ɗan ƙaramin sakaci ya yi ya miƙa wa na gaba. Bayan wannan ne aka hana ɗaukar gwangwanayen a matsayin kaya a jirgin fasinja, aka kuma tilasta sa na'urar jin hayaƙi da ta kashe wuta a irin waɗannan ɗakunan. Yau gwangwanin da aka cire ana ɗaukarsa a matsayin kaya mai haɗari, kuma akan ƙone shi da gangan a wurin da aka tanada.

Ɗaya hanyar, ta silindar gas, ita ma da nata ciwon kan. Matuƙa a kowane jirgi da silinda suke amfani, haka fasinjojin Boeing 747, shi kuma 787 ƙananan silindoji ne a saman kujeru da ke fesa iskar daidai lokacin da mutum ya ja numfashi. Amfanin babbar silinda shi ne tana da agogo, za ka iya karanta abin da ke ciki kafin tashi, kuma tana daɗewa. Amma iska ce a matse kusan awo 1,850 a ma'aunin da mai faci ke sa wa tayar mota 32. Dole lokaci-lokaci a cire ta a kai ta gwajin ruwa a matsa ta fiye da ƙa'ida a ga ko jikinta zai ba da kai. A jikin jirgi daga waje akwai wani ɗan koren faifai da matuƙi ke dubawa in yana zagaye, in babu shi to silinda ta yi amai ta zubar da iskarta. Sannan oksijin tsantsa ba ya ga maciji da mai, ɗigon giris a bakin noti ya isa ya tashi wuta ba tare da ashana ba, don haka masu aikinsa sifanansu daban suke, a wanke a killace, kuma a hankali ake buɗe bawul don buɗewa da gaggawa kaɗai tana haifar da zafi.

Ranar 25 ga Yulin 2008 wani 747 na Qantas, kamfanin jiragen Ostireliya, ya taso daga Hong Kong zuwa Melbourne da mutum sama da 360, yana ƙafa 29,000 ɗaya daga cikin silindojin fasinja ta fashe a ɗakin kaya, ta ɓarke jikin jirgin da rami kusan mita biyu, ta huda daɓe ta shigo cikin ɗakin fasinja ta daki hannun ƙofa ta koma ta fice ta ramin. Allah Ya kiyaye, aka sauka a Manila kowa lafiya. Silindar tana ƙasan teku, don haka masu binciken Ostireliya ba su iya cewa ga takamaiman abin da ya fasa ta ba, sun gwada ƴan uwanta ba su ga aibu ba. Wasu fasinjojin kuma sun yi ƙorafin robar takunkumansu ta mutu sai da hannu suka riƙe. A Alƙahira ma, Yulin 2011, wani 777 na EgyptAir yana shirin tashi zuwa Jidda wuta ta tashi ta gefen tiyon oksijin na mataimakin matuƙi ta cinye ɗakin tuƙin, sa'a ɗaya jirgin yana ƙasa aka kwashe mutane.

Wani abin da ya ba ni mamaki, a 2011 FAA ta sa an cire ko an ƙone gwangwanayen da ke cikin banɗakunan jirage kusan 6,000 a asirce, saboda tsoron kada ɗan ta'adda ya kulle kansa ya yi amfani da su, sai bayan an gama aka sanar. Wato na wani lokaci wanda abin ya same shi a banɗaki sai dai ya fito da gudu. A 2012 suka ba da umarnin a mayar da wani tsarin da ba a iya taɓawa.

Sai dai ko komai ya yi aiki daidai, minti 12 minti 12 ne. Jirgin Helios mai lamba 522 ya nuna haka ranar 14 ga Agustan 2005. Da asuba injiniya ya gwada matsin jirgin a Larnaca ta ƙasar Cyprus saboda ƙorafin wata ƙofa, ya murɗa makunnin matsi zuwa na hannu, ba a mayar da shi na atomatik ba, matuƙa kuma suka wuce shi a dubawa har sau uku. Jirgi na hawa ƙararrawa ta ɗauka, su kuma suka zaci wata ƙararrawar ce mai irin wannan sautin. A baya takunkuman fasinja sun zubo yadda aka tsara, mutane sun sa, suna jiran a sauko da su, su kuwa na gaba ba su sa nasu ba har hankali ya gushe. Jirgin ya haye ƙafa 34,000 da kansa, ya je saman Athens yana ta zagaye, jiragen yaƙin Girka biyu suka matso suka hango takunkuma na reto, daga baya suka ga wani ma'aikacin jirgin, Andreas Prodromou, ya shiga ɗakin tuƙi, da ƙananan silindojin hannu ya rayu har lokacin, amma mai ya ƙare. Jirgin ya faɗi, mutum 121 da ke ciki ba wanda ya fita.

Mu a nan me ya shafe mu? 737 dai shi ne jakin sararin Najeriya, kamfanoni da dama da shi suke jigila. Umarnin FAA a doka jiragen da ke da rajistar Amurka ya ɗaure, amma tsarin duniya shi ne ƙasar da ta ƙera jirgi in ta ce ga aibu, hukumomin sauran ƙasashe, irin NCAA tamu, su ke tabbatar da cewa masu irin jirgin sun bi. Inda nake jin tsoro ba wurin doka ba ne, wurin kuɗi ne. Gwangwanin nan da dala ake sayensa, jirgi ɗaya yana cin sama da 60, kuma da yake yawanci tare aka ɗaura su tare suke tsufa, rana ɗaya lissafin ke faɗo wa kamfani. Ba kuma za ka saƙa shi a jirgin fasinja na gobe a kawo maka ba, sai jirgin kaya da takardun kaya masu haɗari. Babban gyara kuma da yawa sai an fita da jirgin waje. Duk mai kamfanin da dala ta shaƙe zai duba ina zai ɗaga ƙafa, kuma abin da fasinja ba ya gani, matuƙi ba ya ji, jirgi ba ya ƙorafi a kai, shi ne farkon wanda shaiɗan zai nuna masa. Ban ce wani ya yi ba. Na ce a nan ne ya kamata mai duba na hukuma ya sa a buɗe masa murfi ya karanta kwanan wata da idonsa, kada ya tsaya a fayil.

Mu fasinjoji ma da namu. A Afrilun 2018 da injin wani jirgin kamfanin Southwest na Amurka ya fashe ya fasa taga, hotunan da suka fito daga ciki sun nuna mutane da dama sun rufe baki kawai hanci a waje, kamar yadda muka yi ta sa takunkumi lokacin korona. Injiniya ya yi nasa, gwangwani ya kama, iskar tana fita, mutum yana shaƙar wata ta hanci. Hanci da baki ake rufewa, a ja da ɗan ƙarfi tukuna, a zarga robar a ƙeya.

Shi kuwa aikin gam ɗin na 2024 haka aka yi shi, a sauke allon saman kujera, a haska tocila, a duba ko gwangwani na nan inda aka bar shi, in ya goce a mayar, in ƙyallen maɗaurin mai sabon gam ne a canja, a rufe, a matsa layi na gaba, ɓangaren hagu da na dama, jirgi bayan jirgi. FAA ta kuma hana a sake ɗaura irin waɗancan a kowane jirgi. Boeing kuwa sun koma tsohon gam ɗinsu.